Namibiya, Ƙasar Gero da Shanu a Bakin Teku: Tambayoyi da Amsoshi

Idan aka ce kudancin Afirka, hankalin yawancinmu Johannesburg yake tafiya, sai kuma Cape Town. Namibiya tana nan maƙale a gefe, ba kasafai ake ambatonta ba. Ni kuwa a ganina, duk cikin ƙasashen wannan yanki babu wadda mutumin Katsina ko Damagaram zai shiga ya ji kamar ya san wani abu nata tun fil azal kamar ita. Ga tambayoyin da aka fi yi game da ita.

Ina take, kuma da gaske ne babu mutane sosai a cikinta?

Tana kudu maso yammacin nahiyar, Angola a arewa, Botswana a gabas, Afirka ta Kudu a kudu, tekun Atilantika a yamma, sai wani siririn zirin ƙasa da ya miƙa gabas har ya taɓa Zambiya. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 824,000, wato kaɗan Najeriya ta fi ta. Amma ƙidayar 2023 ta nuna mutanenta miliyan 3 ne da 'yan kai. Birnin Kano kaɗai ya fi ƙasar baki ɗaya jama'a.

Dalilin ruwa ne. Hamadar Namib ta kwanta a duk tsawon gaɓar teku, Kalahari ta tokare gabas. Kogunan da ba sa ƙafewa duk a kan iyaka suke: Kunene da Kavango da Zambezi a arewa, Orange a kudu. Na cikin ƙasa kuwa rairayi ne zalla sai an yi ruwan sama. Shi ya sa jama'a suka taru a arewa inda damina ke da ɗan dama. Babban birnin, Windhoek, tun 1968 yake tace ruwan da aka yi amfani da shi a gidaje yana mayar da shi famfo ana sha, kuma shi ne birnin da ya fara yin haka a duniya.

Mu da muka san Sahara, me hamadarsu za ta nuna mana?

Wannan tambayar tana da hujja. Wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Bilma ba zai yi mamakin tudun rairayi ba. Sai dai Namib ta sha bamban ta fuska biyu.

Ta farko ita ce launi. A Sossusvlei rairayin ja ne, ja kamar garin barkono, saboda ƙarfen da ke cikinsa ya yi tsatsa a tsawon zamani. Masana suna ƙiyasta shekarun wannan hamada da aƙalla miliyan 55. Ana shiga ta ƙofar Sesriem da fitowar rana, a bi kwalta kimanin kilomita 60, ragowar biyar ɗin ƙarshe sai mota mai jan ƙafa huɗu. A kilomita na 45 akwai tudun da aka fi hawa, ana ce masa Dune 45. Can gaba akwai Big Daddy mai tsayin kusan mita 325. A gindinsa Deadvlei take, wani farin fako mai tsattsagewa, a tsakiyarsa itatuwa dangin bagaruwa a tsaye, baƙi ƙirin. Sun mutu tun ɗaruruwan shekaru, lokacin da rairayi ya datse wa kogin Tsauchab hanya, amma bushewar wurin ta hana su ruɓewa. Farar ƙasa, baƙin itace, jan tudu, shuɗin sama. Wanda zai je ya yi sammako, domin kafin hantsi ya dubi ludayi rairayin ya fara ƙona ƙafa.

Ta biyu kuwa, wadda ta fi ba ni mamaki, ita ce wannan hamada teku take sha. Wani igiyar ruwa mai sanyi da ake kira Benguela yana tahowa daga kudu yana bin gaɓar. Idan iskarsa ta haɗu da zafin tudu sai hazo ya taso, ba irin namu na hunturu mai ƙura da fasa leɓe ba, hazo ne mai laima da ke jiƙa riga. A Swakopmund ruwan saman shekara bai kai milimita 20 ba, amma da safe sai ka nemi rigar sanyi. Da wannan hazon halittun wurin suke rayuwa. Akwai wani ƙwaro dangin buzuzu da ke hawa kan tudu da asuba, ya sunkuyar da kai ya ɗaga baya, raɓa ta taru a gadon bayansa ta gangaro bakinsa. Akwai tsiron welwitschia, ganyensa biyu ne kacal tun daga tsirowa har mutuwa, suna ta tsawo suna yayyagewa, wasu sun haura shekara 1,000. A kudu da Walvis Bay, a Sandwich Harbour, tudun rairayi yana gangarowa kai tsaye cikin teku, babu ko taki ɗaya na fili a tsakani. Duk wanda ya tsaya a wurin zai ce Allah mai iko.

Namun daji fa?

Etosha ne wurin. An keɓe dajin tun 1907, girmansa ya haura murabba'in kilomita 22,000, a tsakiyarsa wani farin fakon gishiri da ido ba ya ganin ƙarshensa. Da rani ba sai ka yi yawon neman dabba ba. Ka samu mashaya ka kashe mota ka jira, su za su zo: giwa, raƙumin dawa, jakin dawa, jimina, zaki, da mariri mai miƙaƙƙun ƙahoni wanda hotonsa ke kan tambarin ƙasar. A sansanin Okaukuejo ana haska mashayar da fitila da dare, mutane na zaune bayan katanga shiru, karkanda na fitowa daga duhu ya sha ruwa.

Wani abin da ya kamata a yaba musu shi ne dokar 1996 da ta ba mazauna karkara ikon kula da namun dajin yankinsu da cin amfanin kuɗin baƙi. Ba ta kawar da rikicin manomi da giwa ba, kuma makiyayi har yanzu yana asarar dabba a bakin zaki. Amma ta sa ɗan ƙauye ya zama mai hannun jari a rayuwar dabbar.

Me Bahaushe zai ci a can?

Nan ne zancen ya fi daɗi. Babban abincin arewacin Namibiya gero ne. Mahangu suke ce masa, amma geronmu ne sak, ana daka shi a turmi, ana ajiye shi a manyan rumbunan saƙa. Tuwonsa sunansa oshifima, da hannu ake ci, da miyar ganyen daji da ake kira ombidi, ko kazar gida, ko busasshen kifi. Idan ka ji ɗan ƙasa-ƙasa a ciki kada ka yi mamaki, turminsu a cikin daɓen ƙasa ake girka shi, don haka lomar haɗiye ta ake yi ba tauna ba. Abin shansu na yau da kullum shi ne oshikundu, da garin gero da tsiron dawa ake yi, a bar shi ya kwana, yara da manya su sha a ranar. Wanda ya san kunun zaƙi zai gane ɗan'uwansa. A sha shi da sabonsa, domin idan ya daɗe yana juyewa. Tombo da omagongo kuwa giya ce, Musulmi ya kiyaye sunayen.

Itatuwan ma sanannu ne. Ga kuka, har akwai wata a garin Outapi da kogonta ya taɓa zama gidan waya da ɗakin ibada. Ga ɗanya, wadda suke kira marula, suna matse ruwan 'ya'yanta su kuma fitar da mai daga ƙwallon. Ga makalani, ƙanwar goruba.

A Windhoek kuwa, wanda bai je cin kapana ba bai ga gari ba. A kasuwar Single Quarters da ke unguwar Katutura, mahauta na fasa naman sa a gefe guda, masu gashi na yanka shi sirara a kan waya bisa garwashi, mai gashi ya miƙo maka yanka ɗaya ka ɗanɗana kafin ciniki. Ana dangwala shi a gishiri da yaji, a haɗa da yankakken tumatir da albasa da wani soyayyen burodi mai kama da fanke. Balangu ne da wani suna. Sai dai a faɗi gaskiya, yawancin 'yan ƙasar Kirista ne, Musulmi 'yan kaɗan ne, don haka batun yanka sai an tambaya. Akwai masallatai a Windhoek, kuma jama'ar masallaci su ne za su nuna maka inda ake samun naman halal. A gidajen abinci a lura da tsiran hanji irin na Jamusawa, galibi da alade ake yi. A bakin teku kifi ya wadatar.

Su wane ne mutanen, kuma yaya ake mu'amala da su?

Kusan rabin gidajen ƙasar harshen Oshiwambo ake yi. Sai Nama da Damara masu harshen da ake ƙyasta harshe a cikinsa, sai Herero, Kavango, San, da jikokin Turawa masu jin Afirkans da Jamusanci. Turanci ne harshen gwamnati. Gaisuwa a wurinsu kamar a wurinmu take, ba a tsallake ta a faɗa wa buƙata. Mace babba meme ake ce mata, namiji tate. Da safe ka ce "Wa lele po, meme?", wato kin kwana lafiya, za ka ga fuska ta sake.

Matan Herero su ne suka fi ɗaukar ido: doguwar riga mai faɗi har ƙasa, da ɗaurin kai mai fiffike biyu da ake kira otjikaiva, wanda siffar ƙahon saniya ce, domin Herero makiyaya ne da shanu ke tsakiyar rayuwarsu kamar Fulani. Ɗinkin rigar daga matan 'yan mishan na Turai aka gaje shi. Kada wanda ya gan ta ya tsaya a kyanta kawai. A 1904 Herero ƙarƙashin Samuel Maharero suka yi wa Jamusawa masu mulkin mallakar ƙasar tawaye saboda ƙwace musu ƙasa da shanu. Bayan yaƙin Waterberg, Janar Lothar von Trotha ya ba da umarnin a ƙarar da su, aka kora su cikin hamadar Omaheke aka tsare rijiyoyi. Nama ma da suka tashi ƙarƙashin Hendrik Witbooi haka aka yi musu. Waɗanda suka tsira aka tara su a sansanoni irin na Shark Island a Lüderitz. Zuwa 1908, ana ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100 na Herero da rabin Nama sun halaka. Sai a 2021 Jamus ta amince kisan ƙare dangi ne, ta yi alkawarin Yuro biliyan 1.1 na ayyukan raya ƙasa cikin shekara 30, shugabannin Herero da Nama da dama suka ce ba su yarda ba tunda ba a zauna da su ba. Duk watan Agusta Herero suna taruwa a garin Okahandja su ziyarci kaburburan sarakunansu, matan sanye da jajayen riguna.

Raunin bai warke ba. Yawancin manyan gonakin kiwo da matafiyi ke wucewa, shingen waya a hagu da dama tsawon sa'o'i, har yau a hannun tsirarun fararen fata suke. Katutura ɗin da ake cin kapana, ma'anar sunanta "inda ba ma son zama", domin tilas aka kwashe baƙaƙen fata zuwa can a zamanin wariyar launin fata ƙarƙashin mulkin Afirka ta Kudu, bayan harbin da 'yan sanda suka yi ranar 10 ga Disamba 1959.

Ya halatta a je kallon Himba a ɗauke su hoto?

Himba suna arewa maso yamma, a yankin Kunene, matansu na shafa man shanu da jar ƙasa a jiki da gashi. Ra'ayina shi ne gidan mutane ba gidan kallo ba ne. Wanda zai je ya tafi da ɗan jagora mai jin harshensu, ya yi sallama, ya kai tsaraba ta gari da sukari, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya. Idan an ce a'a, ya mayar da ita aljihu.

Akwai wata alaƙa tsakaninsu da mu?

Akwai. Afirka ta Kudu ta karɓe ƙasar daga Jamus a 1915, ƙungiyar SWAPO mai neman 'yancin ƙasar ta ɗauki makami a 1966, 'yanci ya samu ranar 21 ga Maris 1990 da Sam Nujoma a matsayin shugaba. Najeriya na cikin waɗanda suka tallafa wa wannan gwagwarmaya da kuɗi da murya, kuma ba su manta ba: a unguwar Eros ta Windhoek akwai titi mai sunan Janar Murtala Muhammed. Da Nijar kuwa yuraniyom ya haɗa su, dukkansu suna cikin manyan masu haƙo shi a Afirka. Tun Maris 2025 mace ce ke mulkin ƙasar, Netumbo Nandi-Ndaitwah.

Wanda ya yi niyyar zuwa, me zai shirya?

Biza da katin rigakafin shawara tun daga gida. Daga Najeriya ana bi ta Addis Ababa ko Johannesburg, a sauka filin jirgin Hosea Kutako, kimanin kilomita 45 daga Windhoek. Kuɗinsu dalar Namibiya, darajarta ɗaya da rand na Afirka ta Kudu, duka biyun ana karɓa. Lokutansu kishiyar namu ne: Yuni da Yuli sanyi ne mai shiga ƙashi da dare, musamman a Windhoek da ke kan tudu mai kusan mita 1,700. Daga Mayu zuwa Oktoba ya fi dacewa da ganin dabbobi. Da damina akwai zazzaɓin cizon sauro a arewa.

Tsakanin manyan garuruwa akwai bas da ƙananan motocin haya, amma Sossusvlei da Etosha sai da motarka ko ta 'yan yawon buɗe ido. A hannun hagu ake tuƙi. Yawancin hanyoyin burji ne, kuma a kansu baƙi suka fi yin haɗari, domin hanyar a miƙe take babu kowa, sai ƙafa ta nutse a totur, tsakuwa ta kwashe taya. Kada a wuce gudun 80, kada a yi tafiyar dare saboda dabbobi, a sha mai a duk gidan man da aka gani, a ɗauki safaya biyu da jarkar ruwa. Wanda ya sayi ɗanyen nama a arewa kuma ya cinye shi a can, domin akwai shingen likitocin dabbobi da ya raba ƙasar gida biyu, ana ce masa jan layi, kuma a ƙofarsa ana buɗe but a duba kafin a bar mota ta wuce kudu.