Me ya sa bishiyoyin da ake dasawa a ƙauye ba sa ganin damina ta biyu?

Yaushe ya kamata a dasa?

Idan damina ta kankama, ƙasa ta sha ruwa sosai, wato galibi cikin Yuli a ƙasar Hausa. Dashen Satumba, wanda ake yi don taron ƙaddamarwa da ɗaukar hoto, shi ya fi mutuwa, domin kafin saiwa ta kama ƙasa ruwa ya ɗauke.

Yaya ake sa dashen a rami?

A haƙa rami mai zurfi da faɗin santimita 40, a cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A yanke gindin ledar da wuƙa, a tsaga gefenta a zare, ba tare da ƙasar ta watse ba. Mutane da yawa suna binne dashen da ledarsa, sai saiwar ta nannaɗe a ciki, bishiya ta tsumbure. Bayan an take ƙasa, a bar ɗan kwari kewaye da gindin don ruwa ya tsaya.

To, me ke kashe su da rani?

Awaki ne kan gaba. Da an gama girbi aka saki dabbobi, dashen da ba shi da shinge kwana ɗaya ya ishe shi. Ƙayar magarya ko ta bagaruwa ta wadatar, amma sai ana sabunta ta har bishiyar ta fi ƙarfin bakin akuya, shekara 2 zuwa 3. Gara kuwa, tokar murhu a gindi tana rage ta.

Sai babbar matsalar: bishiyar kowa ba ta da mai ba ta ruwa. Gara a raba tun ranar dashe, kowane gida da nasa, mai unguwa ya shaida wanda zai ci amfanin 'ya'ya da itacen.

Wace bishiya ta dace?

A gona, gawo: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. A bar tazarar mita 10. Darbejiya ta tare iska ce da inuwar bakin hanya. Itacen turare yana zuƙe ruwa, a nisanta shi da rijiya.

Dole ne sai an sayo dashe?

A'a. Manoman Maradi sun nuna haka tun 1983 da abin da suke kira sassaben zamani. Lokacin sharar gona, maimakon a sare tohon kututturen kalgo, sabara ko aduwa, sai a zaɓi 2 zuwa 5 mafi ƙarfi a bari, a cire sauran. A datse rassan ƙasa da adda mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Saiwar tsohuwa ce mai zurfi, ba ta buƙatar ban ruwa. An kiyasta cewa hanyar ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman yankunan Maradi da Damagaram.