Waiwaye: inda rigimar "gem ɗin nan ya cika wahala" ta samo asali a wasannin ruwan harsashi

In ka leƙa sharhin da 'yan gem ke rubutawa a Steam, kasuwar sayen gem ta intanet, ƙarƙashin wasannin harbi masu cika allo da harsashi irin su Enter the Gungeon ko Nuclear Throne, abun da za ka gani kusan iri ɗaya ne kullum. Wani ya ƙona awanni bila adadin yana rantsuwa ba a taɓa yin gem kamarsa ba, na ƙasansa kuma yana cewa ɓata lokaci ne kawai, an kashe shi a hawa na biyu, wato mataki na biyu na gem ɗin, sau ba iyaka kuma har yau bai gane laifin da ya yi ba, sai na ukun ya zo ya ce masa malam kai ne ba ka iya ba, je ka koya. Wannan cacar bakin ta daɗe, kuma ni a ganina ba a kan wahala ake yinta ba duk da haka take fitowa a baki. Tambayar da ke ƙasa ita ce: da na mutu, kuskurena ne ko rashin sa'a?

Irin wannan gem ɗin iyaye biyu gare shi kuma ba su san juna ba. Na farko shi ne Rogue, wanda Michael Toy da Glenn Wichman suka yi a Amurka a 1980, daga baya Ken Arnold ya shigo. Babu hoto ko ɗaya, haruffa ne kawai a kan allon kwamfuta, kai ne alamar @, dodanni kuma harafi-harafi. Abu biyu ya bar wa na baya gado: duk lokacin da ka fara, kwamfuta ce ke zana ɗakunan sabo fil, sannan in ka mutu ka mutu kenan, ba maganar komawa inda ka yi sebin. Amma fa akwai wani abu da mutane ke mantawa, a Rogue da 'ya'yansa irin su NetHack na 1987 babu abun da ke motsi sai ka motsa, kana iya zama minti goma kana tunanin taku ɗaya.

Na biyun daga Japan yake, daga injinan arked da ake jefa musu ƙwandalar yen 100. Kamfanin Toaplan ya fitar da Batsugun a 1993, ya durƙushe a 1994, wasu daga cikin ma'aikatansa suka kafa Cave, suka yi DonPachi a 1995 da DoDonPachi a 1997, daga nan ne allo ya fara cika maƙil da harsasai har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Dabarar ita ce wurin da harsashi zai taɓa ya kashe ka ɗan mitsitsi ne a tsakiyar jirginka, don haka ana iya ratsawa ta tsakaninsu. Touhou ma da mutum ɗaya mai suna ZUN ya fara shi kaɗai ya bi wannan layin. Wahalar nan tana da dalili na kuɗi, mai inji yana so ka mutu ka sake jefa ƙwandala, amma tana da adalcinta: mataki na uku yau shi ne mataki na uku gobe, jirgin da ya fito ta hagu jiya ta hagun zai fito, in ka nace sai ka haddace.

To ka ga inda gizo ke saƙar. Ɗan Rogue ba ya iya haddacewa amma yana da lokacin tunani, ɗan arked ba shi da lokacin tunani amma yana iya haddacewa. Da aka haɗa su biyun sai aka cire wa mai bugawa duka biyun, ɗaki sabo ne kullum, makamin da za ka samu ba ka san shi ba, kuma harsashi ba ya jiranka.

Spelunky na Derek Yu a 2008 ya nuna cewa ana iya ɗaukar tsarin Rogue a saka a gem mai gudu, sai The Binding of Isaac na Edmund McMillen da Florian Himsl a 2011 ya kawo harbi ɗaki-ɗaki. Tun a nan ƙorafin sa'a ya fara, sabida wani zagayen, wato bugu ɗaya daga farawa har ka mutu ko ka ci, za ka samu kayan da ke narkar da bos cikin daƙiƙu, wani zagayen kuma ka kai ƙasa da harbin da ko ƙuda ba ya kashewa da wuri, shi ya sa a Rebirth, sabon zubin Isaac ɗin na 2014, mutane da yawa suka maida danne maɓallin R ɗabi'a, in kayan farko bai musu ba sai su sake sabo. Su kuma tsofaffin 'yan Rogue nasu ƙorafin daban ne, a 2008 an zauna a Berlin an tsara sharuɗɗan abun da ya cancanci sunan roguelike, wato gem mai kama da Rogue, kuma har yau akwai masu cewa waɗannan masu gudun ba 'yan gida ba ne. Wannan rigimar suna ce, ba ta taɓa damun wanda ke riƙe da hannun gem ba sosai.

Abun da ya canza ƙarfin muryar 'yan wasa shi ne kasuwa. Vlambeer, mutum biyu daga Holan, Rami Ismail da Jan Willem Nijman, sun saka Nuclear Throne a kasuwa tun 2013 kafin a gama shi, suna haɗa shi kai tsaye a Twitch, dandalin watsa bidiyo, mutane na kallo suna faɗin ra'ayi, sai Disamban 2015 ya kammala. A wannan shekarar ta 2015 ne kuma Steam ya fara maido da kuɗi ga wanda bai kai awa biyu yana bugawa ba cikin kwana 14 da saye. Yanzu ka duba, gem ɗin da daɗinsa ba ya fitowa sai ka sha kashi na kwanaki, an ba shi awa biyu ya gamsar da mutum, kuma ƙaramin kamfani ba shi da kuɗin talla sai abun da masu sharhi suka faɗa.

Enter the Gungeon ya fito a Afrilun 2016, Dodge Roll suka yi, Devolver Digital suka buga, kuma shi ne ya fi fito da maganar fili. Hawa biyar ne manya, kana birgima ka tsallake harsashi, kana kifar da tebur ka fake, ana ba ka wasu harsasai na musamman guda biyu a kowane hawa masu share harsasan da ke kan allon gaba ɗaya. Kusan kowa ya yarda gem ɗin yana da daɗin sarrafawa. Inda aka rabu shi ne rowa. A farkon fitowarsa mabuɗai sun yi ƙaranci, kana ganin akwati ja ko baƙi a gabanka ba ka da abun buɗewa, albarusai su ƙare, sai ka tsinci kanka a hawa na uku da 'yar bindigar da ka fara da ita kana ta harbin bos kaman ba zai mutu ba, kuma zagaye ɗaya yana iya cin kusan awa guda kafin a kashe ka ka koma sifili. Sannan ga Master Round, ƙarin zuciya da ake ba wanda ya kashe bos ba a taɓa shi ko sau ɗaya ba, ma'ana gwani ƙara masa rai ake yi, wanda ke fama kuma yana shiga hawa na gaba da rauninsa. Gwanaye suka ce wannan shi ne lada, sababbi suka ce mai shi ake ƙara wa. Amsar da aka fi ba masu ƙorafi ita ce ta 'yan Dark Souls, gem ɗin nan da ya yi suna wajen wahala, "git gud", wato je ka koya, kuma gaskiya amsar nan tana ɓata min rai sabida tana rufe magana ne kawai, mutumin bai ce a rage gudun harsashi ba, cewa ya yi a ba shi abun faɗa.

Kuma masu gem ɗin da kansu sun nuna ƙorafin yana da tushe. A Yulin 2018 suka saki wani ƙari mai suna Advanced Gungeons & Draguns kyauta, suka saki hannu wajen kayan da ke faɗowa, suka ƙara ɗaruruwan haɗin bindiga da kaya masu ƙarfafa juna, a Afrilun 2019 kuma wani ƙarin mai suna A Farewell to Arms ya kawo zagayen bakan gizo inda a farkon kowane hawa ake ba ka akwati ka zaɓi kaya mai kyau. High Dragun, babban bos ɗin gem ɗin, yana nan a hawa na biyar yana watsa harsashinsa, dole dai ka iya kaucewa. Abun da aka taɓa ɓangaren sa'a ne da ɓangaren ɓata lokaci, kuma zuwa farkon 2020 gem ɗin ya wuce kwafi miliyan 3.

A waɗannan shekarun maganar ta fita daga gidan roguelike ta game ko'ina. Celeste ya zo da yanayin taimako a 2018, Sekiro ya tayar da ƙura a 2019 kan ko ya kamata a saka yanayi mai sauƙi, sai Hades na Supergiant a 2020 ya zo da wata hanya da na fi so, God Mode, in ka kunna ana rage maka kashi 20 cikin ɗari na dukan da kake sha, duk mutuwa a ƙara kashi 2 har zuwa 80, ba a ɓoye maka labari ba kuma wanda bai so ba ya kunnawa. Returnal na 2021, duk da shi ba na ƙaramin kamfani ba ne, sai da mutane suka yi ta kuka kafin a ba su damar dakatar da zagaye su kashe inji su dawo daga baya. Dead Cells ma ya saka nasa taimakon a 2022.

Amma gwanayen nan su ma suna da gaskiyarsu, ba zan ƙi faɗa ba. Tun daga Rogue Legacy na 2013 aka saba da cewa in ka mutu ka koma da kuɗi ka sayi ƙarin ƙarfi na dindindin, su kuma suna cewa in haka ne ai ba ka ci gem ɗin ba, daɗewa kawai ka yi har ya gaji da kai, kuma daɗin da ake ji in hannunka ne ya canza ba lambobin ba, babu abun da zai maye gurbinsa. Wannan gaskiya ce, wanda ya taɓa ratsa harsasan da makon jiya suke kashe shi ya san haka. Shi ya sa da Repentance, ƙarin da aka yi wa Isaac, ya fito a 2021 ya rage ƙarfin wasu kaya ya tsananta yanayi mai wahala, wasu suka yi murna wasu suka yi ta tsinuwa, a gem ɗaya.

Sai kuma ga Vampire Survivors na Luca Galante a ƙarshen 2021 ya juya abun kai ƙasa, kai ne ke cika allo da harsashi, ko saiti ba ka yi, tafiya kawai, kuma mutanen da Gungeon ya kora da yawa can suka samu wurin zama. Yanzu duk ƙaramin kamfanin da zai fitar da irin wannan gem ɗin yana fuskantar jama'a biyu da kowacce ta san abun da take so. A 2025 aka sanar da Enter the Gungeon 2, wannan karon a 3D, kuma abun da ni zan fara dubawa shi ne yawan mabuɗan da hawa na farko zai bayar.