Yadda ake jera motoci kafin a tashi tseren NASCAR a Amurka

Me ke sa wata mota ta tsaya a sahun gaba, wata a baya?

Agogo ne ke raba gardama. Kafin ranar tsere ana gwajin gudu, kowace mota ta fita ita kaɗai a auna lokacinta. A tsarin 2025 na babban rukunin Cup, zagaye ɗaya ake ba direba a yawancin filaye, amma a gajeru irin su Martinsville da Bristol ana ba shi biyu, a ɗauki wanda ya fi sauri. Motoci suna jeruwa bibbiyu: wadda ta fi kowa gudu ta kama gefen ciki na sahun farko, ta biyu tana kusa da ita, haka har ƙarshe. Lokacin fita ma yana da tasiri, domin masu fita daga baya sukan tarar da robar tayoyin wasu ta kwanta a kwalta, taya ta fi kamawa.

Me ya hana a sake su gaba ɗaya?

An gwada hakan daga 2014. Matsalar ita ce motar da ke bin bayan wata tana samun sauƙin iska, don haka ba mai son fita da fari. A filin Fontana da ke California a watan Maris na 2019 direbobi suka yi ta jiran juna a zangon ƙarshe na gwajin, har lokaci ya ƙare ba wanda ya samu zagayen da za a lissafa. Kafin Mayu ya wuce an koma fita ɗai-ɗai. Filaye masu lanƙwasa hagu da dama ne aka bar wa fitar rukuni.

Mota tana iya rasa gurbi ke nan?

Tun 2016 galibi motoci 40 ake ɗauka, kuma 36 suna da takardar da ta tabbatar musu da gurbi a kowane tsere. Gurabe huɗu kacal ake fafatawa a kansu. Saboda haka ga manyan ƙungiyoyi ribar gwajin ita ce matsayi da kuma zaɓen rumfar canjin taya, wanda ake yi bisa jerin gudu. Wanda ya zo na ɗaya kan ɗauki rumfar da ke bakin mafita, inda babu motar da za ta tare shi. Mu a ganinmu wannan zaɓen yakan fi sahun gaban kansa amfani, tunda direba zai ci moriyarsa a duk tsayawar da zai yi.

Daytona 500 fa?

Wannan babban tseren da ake buɗe kakar wasa da shi, tsarinsa daban ne. Gwajin gudu motoci biyu na sahun farko kawai yake tabbatarwa. Sauran sai an yi ƙananan tsere biyu da ake kira Duel, kowanne zagaye 60, wato mil 150. Sakamakon na farko ya jera layin ciki, na biyu layin waje.

Idan ruwan sama ya hana gwaji?

Sai a koma lissafi. A 2025 kashi 70 cikin ɗari daga matsayin da motar ta ƙare a tseren baya ne, kashi 30 daga matsayinta a teburin maki na masu motoci. Irin wannan lissafi ya samo asali ne a 2020, lokacin da korona ta sa aka dakatar da gwaji a yawancin tsere.

Me ya sa wani kan yi gudu mai kyau amma ya tashi daga baya?

Doka ce ta mayar da shi. Canja inji, ɗauko motar ajiya bayan hatsari, sauya direba, ko taɓa motar ba da izini ba bayan gwaji, duk suna jawo haka. Binciken mota ma yana da nasa hukunci: faɗuwa sau biyu kan jawo korar ma'aikaci ɗaya da rasa zaɓen rumfa, sau uku kuwa motar ba za ta yi gwaji ba, za ta tashi daga ƙarshe, sannan ta ratsa layin rumfuna a hankali bayan an fara tsere.