Ƙwayoyin bakteriya masu kawo ciwon huhu da bijirewarsu ga magani

Ciwon huhu, wanda ake kira namoniya ko sanyin haƙarƙari, kumburi ne da ke kama ƙananan jakunkunan iska na cikin huhu, su cika da ruwa ko mugunya har numfashi ya gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 ya kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara 5. A Zamfara ya fi kama yaran da tamowa ko ƙyanda ta raunana, ga ƙurar hunturu, ga hayaƙin itacen girki. Ma'aikatan lafiya kan gane shi da ƙirga numfashi: sau 50 ko fiye a minti ɗaya ga jariri ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kuma a ga ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki duk lokacin da yaro ya ja iska.

Ƙwayoyin

Babbar cikinsu ita ce Streptococcus pneumoniae, wadda aka gano a 1881. Tana zaune lafiya lau a hanci da maƙogwaron yara da yawa, sai jiki ya yi rauni ta gangara huhu; ita ma tana kawo sanƙarau. Mai bi mata a yara ita ce Haemophilus influenzae nau'in b. Staphylococcus aureus kan biyo bayan ƙyanda ko mura mai tsanani. Klebsiella pneumoniae da Pseudomonas aeruginosa kuwa an fi cin karo da su a majinyatan da suka jima a kwance a asibiti.

Yadda suke bijirewa

Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, maganin kashe bakteriya, a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai sa ƙwayoyin su saba da shi. Haka kuwa aka yi. A 1967 aka samu Streptococcus pneumoniae mai jure fenisilin a Ostireliya, a 1977 kuma aka samu mai jure magunguna da dama a Afirka ta Kudu.

Kowace da dabararta, kuma nan ne masu sayen magani da ka suke yin asara. Haemophilus da Klebsiella suna fitar da wani sinadari mai farfasa maganin kafin ya taɓa su, shi ya sa ake haɗa amoksisilin da wani abu mai toshe sinadarin, kamar a Augmentin. Streptococcus pneumoniae ba ta fitar da shi. Sauya wurin da maganin ke kamawa a jikinta take yi. Don haka wannan haɗin mai tsada bai ƙara komai a kanta ba, abin da ke aiki shi ne isasshen amoksisilin na cikakkun kwanakin da likita ya rubuta.

Abin da ke ciyar da matsalar sananne ne a kasuwannin ƙauye. Uba ya tsaya a kemis ya ce a ba shi kafso huɗu na tari, a ƙulle masa a leda, zazzaɓi na sauka a daina sha. Sau da yawa ma murar ta bairos ce, wadda maganin bakteriya ba ya taɓawa. Makiyaya da masu kaji su ma suna ɗura wa dabbobi irin waɗannan magunguna. Gwajin kaki da ke nuna ƙwayar da maganin da ke kashe ta yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, kuma sai a manyan asibitoci irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya danganta mutuwar mutum miliyan 1.27 a 2019 kai tsaye ga bijirewar bakteriya iri-iri ga magani a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba.

Rigakafi

Najeriya ta shigar da allurar Penta, mai kariya daga Haemophilus nau'in b, cikin rigakafin yara a 2012, sannan allurar PCV, mai kariya daga Streptococcus pneumoniae, a ƙarshen 2014. Ana yin su a mako na 6 da 10 da 14 bayan haihuwa, kyauta a asibitocin gwamnati.