Cigiya: kalmar da ta tsaya tsakanin jaje da ta'aziyya

Duk wanda ya tashi a Kano ya san muryar, ko da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kanta ba. Ana idar da sallar magariba, mutane ba su gama laluben takalmansu ba, sai lasifikar masallaci ta sake tashi: ana cigiyar wani yaro ɗan shekara huɗu, sanye da shuɗiyar riga, ba takalmi a ƙafarsa, rabon da a gan shi tun bayan la'asar. Duk wanda Allah ya sa ya gan shi, ya taimaka ya kai shi gidan mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Haka ake yi a gidajen rediyo. Haka ake yi ranar Lahadi a majami'un Sabon Gari idan an zo lokacin sanarwa. Yanzu kuma hoto ne ke yawo a WhatsApp da Facebook, da kalmar nan guda a samansa da manyan baƙaƙe.

A taƙaice, cigiya ita ce tambayar jama'a labarin abin da ya ɓace, mutum ne ko dabba ko kaya. Daga gare ta ake cewa "na cigita": na cigita a kasuwa, na cigita a tasha, ba wanda ya gan shi. Nema da ƙafa ake yi, kai kaɗai ma kana iya yi ba wanda ya sani. Cigiya kuwa da baki ake yinta, sai ka saka abin da ke damunka a bakin mutane, su ma su kai shi gaba. Kuma fuska biyu gare ta. Wanda ya rasa yana cigiya, wanda ya tsinta ma yana cigiya. Malaman fiƙihu sun ce tsintuwa mai daraja shekara guda ake yi ana cigiyar mai ita. Shi ya sa za ka ji ana cigiyar iyayen wani yaro da aka tsinta a cikin turmutsutsun Hawan Daushe ko a lungunan Kantin Kwari, yana kuka, bai san sunan unguwarsu ba, ya dai san sunan babarsa Umma.

Akwai kuma cigiya mai sauƙi, wadda ake yi wa aboki da aka kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Wannan ba ita ce ta sa ni rubutu ba.

Yawancin cigiyar yara a garin nan kafin isha'i ta ƙare. Yaro ya bi masu kiɗa, ko barci ya ɗauke shi a soron maƙwabta, a kawo shi, a ba wanda ya kawo tukwici, uwa ta yi masa faɗa tana hawaye. Wadda ta kwana ce take canza kama. Idan ta yi mako, ta yi wata, aka neme shi sama ko ƙasa aka rasa, sai a ce ya yi ɓatan dabo, wato ya ɓace kamar yadda mai dabo yake ɓatar da abu a gaban idonka. Daga nan ne za ka ga harshenmu da kansa ya rasa inda zai sa ƙafa.

Ka duba abin da muke yi idan an yi rasuwa. Akwai wanka, akwai sallah, akwai maƙabarta, akwai tabarmin da ake shimfiɗawa a ƙofar gida kwana uku. Kowa ya san abin da zai ce: Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Kiristocin garin nan su ma suna da nasu tsarin, ana sujadar jana'iza, mata 'yan zumunta su zo su zauna da mai makoki suna waƙa. Duk wannan ta'aziyya ce, kuma aikinta ta raka mutum zuwa ga dangana. Amma gidan da yaro ya ɓata ba a zuwa ta'aziyya. Jaje ake zuwa, irin wanda ake yi wa wanda gobara ta ci wa shago. Ba mai iya buɗe baki ya ce Allah ya jiƙansa, don faɗin haka tamkar kashe yaron ne a gaban uwarsa. Abin da ake cewa shi ne Allah ya bayyana shi. Addu'a ce mai kyau, amma ba ta da ranar ƙarewa. Ba sadakar uku, ba ta arba'in. Masu jaje suna raguwa a hankali, ba don mugunta ba, sai don ba su san me za su ƙara cewa ba. Na sha jin iyaye mata suna faɗin maganar da ke sa tsigar jiki tashi, cewa da sun ga gawa da sun dangana. Ba mutuwar ɗan suke so ba. Suna faɗin cewa mutuwa tana da dangana, ɓata kuwa ba ta da ita.

Shari'a ma sai da ta yanka wa'adi don rayuwa ta ci gaba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar da mijinta ya ɓata tana kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ta ce idan an yi shekara bakwai ba a ji labarin mutum ba, kotu tana iya ɗaukarsa a matsayin mamaci. Waɗannan sun warware zancen aure da gado. Ban taɓa ganin uwar da wa'adin alƙali ya sa ta daina leƙa fuskar kowane yaro a bakin titi ba.

Wata malamar jami'ar Minesota a Amurka, Pauline Boss, ta yi shekaru tana nazarin iyalan da suka faɗa wannan hali, tun daga matan sojojin da suka ɓata a yaƙin Biyetnam. Sunan da ta raɗa masa, idan an mayar da shi Hausa, shi ne rashin da ba shi da tabbas. Abin da ta lura da shi shi ne baƙin cikin yana daskarewa wuri ɗaya, mutum ba ya iya makoki ba ya kuma iya daina jira, sannan miji da mata sukan rabu biyu: ɗaya yana son a ɗauke kayan yaron, ɗaya yana ganin ɗaukewar cin amana ce.

Mu a Kano ba sai an ba mu labari ba. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka bayyana yara tara da aka sace daga unguwanni irin su Hotoro da Kawo da Sauna da 'Yankaba, aka gano akasarinsu a Onica ta jihar Anambra. Wasunsu sun yi shekaru a can. An canza musu suna, an canza musu addini, wasu Hausar ma ta kuɓuce musu. A 2021 babbar kotun jiha ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Bayan nan kuma aka yi na wata yarinya 'yar shekara 5 da aka sace a Disamban 2021, wadda cigiyarta ta ƙare da mummunan labari a Janairun 2022, kuma mai makarantar da take zuwa ne kotu ta samu da laifin kisanta. Can gabas kuwa, iyayen 'yan matan Cibok 276 da aka kwashe a Afrilun 2014, waɗanda mafi yawansu Kiristoci ne 'yan cocin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, har yau akwai waɗanda ba su daina cigiya ba. Satar ɗa ba ta da addini. Littafin Fitowa a cikin Littafi Mai Tsarki hukuncin kisa ya yanke wa wanda ya saci mutum ya sayar.

Wani abin da ya ƙara fahimtar da ni kalmar nan, littattafai ne da na ara a hannun wata ƙawata Kirista, Bahaushiya, da muka yi makaranta tare. Mu da muka tashi da littattafan soyayya na kasuwar Kano mun saba da kishiya da auren dole da uwar miji. Nata daban ne. Na Turanci ne, yawanci daga Amurka, wani reshe na ƙagaggun labarai da za a iya kira soyayya mai tafe da fargaba, wanda marubuta Kiristoci suke yi don masu karatu Kiristoci. Kamfanoni irin su Bethany House da Tyndale House suna buga su, Harlequin ma yana da sashe na musamman dominsu mai suna Love Inspired Suspense. Igiya uku ake tufkawa a cikin kowanne: akwai haɗari ko wani laifi da ake bin sawunsa, akwai mace da namiji da zuciyarsu ke karkata ga juna, akwai kuma bangaskiyar da ta yi rauni tana neman miƙewa. Ba batsa, ba ashar, kuma a kan ƙare da alkawarin aure.

Ɓatan yaro yana daga cikin abubuwan da suka fi yawan ɗaukowa, kuma dalilin a fili yake. Abu ɗaya ne da yake riƙe igiyoyin uku lokaci guda. Ga uwa da ɗanta ya ɓata shekaru da suka wuce, aurenta ya mutu a kan haka ko mijin ya rasu. Ga wani jami'in bincike ko tsohon soja da ya ci karo da wata sabuwar alama. Duk takun da suka yi zuwa ga gaskiya, wanda ya aikata abin yana ƙara matsowa kusa da su. Ita kuma ta daina zuwa sujada, don ta roƙa ta roƙa ba ta ga amsa ba.

Wannan na ƙarshen shi ne inda na ga sun yi abin a yaba. Suna barin uwar ta yi fushi, ta tambayi Ubangiji har yaushe, kamar yadda Zabura ta 13 ta buɗe. Kuma suna da rijiyar da suke ɗiba. Yakubu da aka kawo masa rigar Yusufu da jini ya ƙi yarda a ta'azantar da shi. Rahila tana kuka saboda 'ya'yanta a littafin Irmiya. Maryamu da mijinta Yusufu sun yi kwana uku suna neman Yesu yana ɗan shekara 12 kafin su same shi a Haikali. Sura ta 15 ta Luka kuwa kusan dukanta cigiya ce: tunkiyar da ta ɓata, kuɗin da ya ɓata, ɗan da ya tafi ya dawo. Ni da nake Musulma ban ji baƙunta a nan ba ko kaɗan. Annabi Yaƙub ne a Suratu Yusuf, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, yana cewa haƙuri mai kyau, amma kuma yana tura 'ya'yansa su je su nemo labarin Yusuf da ɗan'uwansa, kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Haƙurinsa bai hana shi cigiya ba. Wannan ya kamata masu ce wa uwa "ki haƙura haka, ki bar wa Allah" su riƙa tunawa, idan nufinsu ta yi shiru.

Inda nake da ja da littattafan shi ne ƙarshensu. Sau da yawa yaron yana dawowa a babin ƙarshe, ya faɗa jikin uwarsa, a ɗaura aure, a rufe littafi. Na faɗa wa ƙawata haka, na ce iyayen yaran Onica sun san dawowa ba ita ce ƙarshen labari ba: ɗanka ne, ga tabon da ka sani a ƙafarsa, amma kana kiransa da sunan da ka yanka masa rago ba ya waiwayowa. Ta ce, "Haka ne, 'yar'uwa. Amma wadda take cikin jira ba wa'azi take nema ba, so take ta ga an samu na wani, ko da a takarda ne." Ban iya musa mata ba. Duk da haka waɗanda suka fi zauna mini a rai su ne 'yan kaɗan da suka yarda su bar uwar ta sake son wani, ta sake shiga majami'a, alhali ba ta san inda ɗanta yake ba. A nan ne soyayyar take da nauyi, don namijin bai zo da magani ba, ya dai yarda ya zauna a gidan da kullum akwai kwano ɗaya da ba a ci ba.

Ina fatan marubutanmu na Kano, Musulmi da Kirista, su ɗauki wannan jigo da gaske. Muna da komai a hannu: gidan mai unguwa da ake tara yaran da aka tsinta, ɗan adaidaita sahun da ya tuna fuska, masu damfara da ke kiran lambar da aka sa a jikin hoto suna cewa a turo kuɗin mota, da bokayen da ke cin kuɗin iyaye da sunan za su kirawo yaro. A can Amurka ɓatan yara ne ya haifar da ranar 25 ga Mayu ta tunawa da yaran da suka ɓata, da kuma tsarin faɗakarwa na AMBER da aka soma a Texas a 1996, wanda a 2022 kamfanin Meta da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, suka kawo shi Nijeriya ta Facebook da Instagram. Tsohuwar cigiyarmu ce aka sa wa inji.

A layin da na girma akwai wata dattijuwa da muke kira Inna, jikanta ya fita sayen ƙuli-ƙuli bai dawo ba. Wayarta tsohuwa ce, madannanta duk sun goge, 'ya'yanta sun sha saya mata sabuwa da sabon layi tana mayar musu. Lambar cikinta ce aka karanta a rediyo ranar da aka yi cigiyar farko. Idan na je gaishe ta na ce, "Inna, ya ƙarin haƙuri?" sai ta ce da godiya, sannan ta faɗi shekarun da yake da su yanzu, ta ce in na ga mai kama da shi a wajen aikinmu in duba bayan kunnensa na hagu.