Nikolai Kasatkin, bishop ɗin Japan

Nikolai Kasatkin (1836–1912) bishop ne na Cocin Otodoks ta Rasha, malami kuma mai fassara, wanda ya kafa Cocin Otodoks a Japan. Shi ya fassara Sabon Alkawari da mafi yawan littattafan ibadar cocin zuwa Japananci. Ana kuma tunawa da shi saboda matsayin da ya ɗauka a yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905, lokacin da ya ƙi barin Tokyo, alhali ƙasar haihuwarsa da ƙasar mabiyansa suna zubar da jinin juna.

Sunansa na yanka Ivan Dmitriyevich Kasatkin. An haife shi a watan Agusta 1836 a wani ƙauye na lardin Smolensk, mahaifinsa dikin ne, wato mataimakin firist a coci, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana ɗan shekara biyar. Ya yi karatun addini a Smolensk, daga nan ya wuce babbar makarantar tauhidi ta St. Petersburg. A 1860 ya shiga zuhudu, aka ba shi suna Nikolai, aka kuma naɗa shi firist na ofishin jakadancin Rasha da ke Hakodate, a arewacin Japan. Ya isa can a 1861.

A wancan zamani addinin Kirista haramun ne a Japan, kuma wanda ya karɓe shi yana iya rasa ransa. Tun da babu damar wa'azi, sai Nikolai ya koma ɗalibi. Ya yi shekaru kusan bakwai yana koyon harshe da rubutun Sin da Japanawa ke amfani da shi, yana karanta tarihin ƙasar da littattafan Buddha da na Shinto da na Confucius, har yana zuwa sauraron masu ba da labari a dandali. Mutum na farko da ya bi shi shi ne Sawabe Takuma, tsohon samurai, wato jarumin Japan na gado, kuma limamin Shinto, addinin gargajiyar ƙasar, wanda da farko ya zo masa da takobi yana zarginsa da shirin cin ƙasa da sunan addini. An yi wa Sawabe baftisma a ɓoye a 1868, shi da wasu mutum biyu, kuma a 1875 ya zama firist na farko ɗan ƙasa.

Nikolai ya koma Tokyo a 1872, aka sassauta haramcin a 1873, aka naɗa shi bishop a 1880. Babbar majami'ar da ya gina a kan tudun Surugadai an buɗe ta a 1891, kuma har yau mutanen Tokyo suna kiranta Nikorai-do, wato ɗakin Nikolai.

Aikin da ya fi ba da ƙarfinsa a kai shi ne fassara. Abokin aikinsa Nakai Tsugumaro ne, masanin tsofaffin littattafan Sin daga wani gidan malamai na Osaka. Shekara da shekaru suna zama da yamma, bishop yana riƙe da nassin Girkanci da na tsohon Slavanci, Nakai yana auna ko jimlar ta zauna a kunnen ɗan Japan. Wahalar ba ta nahawu kaɗai ba ce. Kusan kowane harafin Sin da za a ɗauka don kalmar addini ya riga ya ɗauki nauyin ma'ana daga Buddha ko Shinto, don haka kalma ɗaya takan cinye musu kwanaki, wani lokaci har su aika wa ikilisiyoyi takarda suna neman shawara. Shi ya sa fassararsu ta sha bamban da ta sauran Kiristocin Japan: sun kira Ruhu Mai Tsarki Seishin a inda wasu ke cewa Seirei, sun kuma rubuta sunan Yesu Almasihu Iisusu Harisutosu bisa lafazin Girka da Rasha. Sabon Alkawari ya fito a 1901. Sun zaɓi tsohon harshen adabi mai nauyi, abin da ya sa talaka ke shan wuyar karanta shi, amma Nikolai yana ganin mai ibada ne ya kamata ya hau zuwa ga nassi. Ko an yarda da wannan ra'ayi ko ba a yarda ba, da wannan fassara cocin ke ibada har yanzu.

Da yaƙi ya ɓarke a Fabrairu 1904, ma'aikatan jakadancin Rasha suka tattara nasu ya nasu suka tafi. Nikolai ya shawarci shugabannin cocin, ya zauna. Abin da ya gaya wa mabiyansa shi ne su yi wa sarkinsu da sojojinsu addu'ar nasara, domin wannan haƙƙin ƙasa ne a kansu. Shi kuma ya janye daga jagorantar ibada a bainar jama'a muddin ana yaƙin, saboda ba zai iya roƙon Allah ya kayar da ƙasarsa ba. Ya zama tsakanin wuta biyu: wasu jaridun Japan suna kiran mabiyansa 'yan leƙen asirin Rasha, a Rasha kuma akwai masu yi masa kallon wanda ya sayar da gida.

Littafin da yake rubuta al'amuran yau da kullum a ciki ya nuna yadda labarin faɗuwar Port Arthur, sansanin sojan ruwan Rasha a ƙasar Sin, a Janairu 1905 da halakar jiragen ruwan Rasha a mashigin tekun Tsushima a Mayu 1905 suka ƙona masa rai, ga kuma shagalin nasara yana shigo masa ta taga. Abin da ya sa a gaba a waɗannan watanni shi ne fassarar littattafan ibada da kuma fursunonin yaƙi. Sama da sojojin Rasha 70,000 aka tsare a sansanoni irin na Matsuyama, shi kuma ya riƙa tura musu firistoci Japanawa masu jin Rashanci, da littattafai, har da na koyon karatu ga waɗanda ba su iya ba. Da aka sa hannu a yarjejeniyar Portsmouth da ta kawo ƙarshen yaƙin a Satumba 1905, tarzoma ta tashi a Tokyo don jama'a na ganin an yi musu ƙwauron ganima, sai da sojoji suka tsare majami'ar.

A 1906 aka ɗaga shi zuwa babban bishop. Ya rasu a Tokyo ranar 16 ga Fabrairu 1912, cocin tana da mabiya kusan 33,000. Sarkin Japan Meiji ya aika da furanni wurin jana'izarsa, aka binne shi a maƙabartar Yanaka. Cocin Rasha ta sa shi cikin waliyyanta a 1970. Littattafan tarihinsa na yau da kullum, waɗanda aka daɗe ana zaton sun ƙone a girgizar ƙasa ta 1923, wani masani ɗan Japan, Nakamura Kennosuke, ya gano su a ma'ajiyar takardu ta Leningrad (St. Petersburg ta yanzu) a 1979, aka buga su cikin juzu'i biyar a 2004.