Man inji a Maraɗi: abin da ƙa'idar masu ƙera mota ta ce, da abin da ake ƙaƙaba mata

Tun da bazara ta kama ake ta tura wani saƙon murya a rukunonin WhatsApp na direbobi da 'yan kasuwa. Mai maganar har rantsuwa yake yi cewa duk man da aka rubuta wa 0W-20 ko 5W-30 na ƙasashen ƙanƙara ne, wanda ya zuba shi a zafinmu ya haƙa wa injinsa kabari. Ga kuma wata jita-jitar da ke biye da ita, wai wanda ya sayi sabuwar mota ya zuba man da ba na kamfaninta ba, garantinsa ya faɗi nan take.

Makon jiya na kai Corolla ta ƙanena juye a wani gareji da ke unguwar Zariya. Da na miƙa galan ɗin 5W-30, babban makaniken ya ɓalle murfi, ya ɗiga man a yatsa, ya murza, ya girgiza kai. "Alhaji, wannan ai ruwa ne. Bari yaro ya karɓo maka mai kauri." Mutumin ya daɗe yana kwance injuna yana ɗaurawa, ban raina saninsa ba. Sai dai a murfin da ake zuba wa injin mai, wanda ke hannun yaronsa a lokacin, 5W-30 ne rubuce ɓaro-ɓaro.

Da farko dai, wannan ba dokar gwamnati ba ce. Babu jandarman da zai tsayar da kai a hanyar Ɗan Isa ya tambaye ka wane mai ke cikin injinka. Ƙa'ida ce ta wanda ya ƙera motar, tana cikin littafin da ke zuwa da ita, kuma abu uku take nema: kaurin man, darajarsa, sai lambar amincewar kamfani ga motocin da ke da ita. Sunan kamfanin da ya yi man ba ya cikin ukun nan.

Batun kauri shi ne tushen rigimar. Lambobin nan biyu na ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka ne, SAE. Harafin W daga kalmar Turanci ta hunturu aka ɗauko shi, kuma lambar da ta zo kafinsa tana nuna yadda man ke gudana ne cikin tsananin sanyi: ana gwada 0W a digiri 35 ƙasa da sifili, 20W kuwa a digiri 15 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu ita ce tamu, domin a digiri 100 ake auna ta. Ke nan 5W-30 da 10W-30, idan inji ya ɗau zafi, ajin kaurinsu ɗaya ne. Man da makanike ya murza a yatsa a inuwar gareji bai faɗa masa yadda zai kasance a cikin inji ba, don ko 20W-50 ɗin da ake taƙama da shi, in ya kai digiri 100 tsinkewa yake yi.

Zafin garinmu fa? A watan Afrilu da Mayu muna haura digiri 40, gaskiya ne. Amma inji mai lafiya, ruwansa yana zama ne a wajajen digiri 90, a Maraɗi yake ko a Kanada, saboda lagireto da fanka da tamostat ke riƙe masa zafi. Motar da ke tafasa a hanyar Dakwaro lagiretonta ya kamata a duba, mai kauri ba zai warkar da ita ba. Wannan ɗabi'a tamu ta cire tamostat da zarar mota ta sauka ma tana da nata lahanin: injin yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, fetur da danshi su riƙa taruwa a cikin mai.

Duk da haka ba zan ce masu saƙon ba su da ko ƙwayar gaskiya ba. Matsin dokokin tsimin fetur a Amurka da Japan na daga cikin abin da ya kai kamfanoni ga mai marar kauri. Akwai injunan Toyota da littafinsu na Amurka ya tsaya kan 0W-20, alhali littafin injin iri ɗaya da aka yi wa ƙasashe masu zafi ya halatta 5W-30 ko 10W-30. Littafin Amurkan ma da kansa yakan ce mai ɗan kauri zai iya fin dacewa idan ana tsananin gudu ko ɗaukar kaya masu nauyi. A ganina nan ne ƙa'idar ta gaza mana: motocinmu galibi 'yan Kwatano ne, suna zuwa da littafin ƙasar sanyi ko ma babu littafin sam, an bar mai mota da makanikensa suna laluben duhu. To amma hawa mataki ɗaya da littafi ya yarda da shi daban, tsallakawa daga 0W-20 zuwa 20W-50 daban. Tsohuwar Peugeot 504 da tsoffin Hiace na tasha, da mai kauri aka ƙera su. Injin Toyota na zamani da ke da tsarin VVT-i kuwa, matsin mai ne ke juya lokacin buɗe bawul ta wasu 'yan siraran hanyoyi. Mai kauri yana jinkirin isa can da safe, kuma a 'yan daƙiƙun farko bayan tayar da mota ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Motoci masu turbo da masu haɗa fetur da batir irin Prius sun fi kowa rashin haƙuri da wannan.

Daraja ba ta da wuyar ganewa. A bayan galan za ka ga API, ma'aunin cibiyar man fetur ta Amurka, da haruffa biyu. S na injin fetur ne, C na gazuwal. Harafi na biyu yana gaba ne da zamani: SL ta fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Sabuwa tana maye gurbin tsohuwa a injin fetur, tsohuwa ba ta maye gurbin sabuwa. Motar da ta nemi SN aka ba ta SF, an cuce ta ko da kaurin ya yi daidai. Motocin Turai da ma'aunin ACEA, na ƙungiyar masu ƙera motoci ta Turai, suke aiki, kuma mai motar gazuwal da ke da matatar hayaƙi a salansa ya nemi ajin C na ACEA, irin C3, don tokar man A3/B4 tana toshe matatar a hankali.

Yanzu ga wurin da ya fi ruɗa mutane, har da masu sayar da man. Kamfanonin Turai ba su tsaya kan API da ACEA ba, kowanne yana da lambarsa: Mercedes na da 229.5 da 229.51, Volkswagen na da 502 00 da 507 00, Peugeot na da B71 2290, Renault na da RN0720. Galan biyu za su iya ɗauke da lamba ɗaya, amma kalmar da ke gaban lambar ta raba su. Idan aka rubuta "approved" ko "homologué", kamfanin motar ne ya duba sakamakon gwaji ya ba da takardar amincewa. Idan kuwa "meets the requirements" ko "répond aux exigences" ka gani, mai yin man ne ke shaidar kansa. Ba lallai ƙarya yake yi ba, manyan kamfanoni ma suna rubuta haka, amma shaidar kai da shaidar wani ba su zama ɗaya a gaban alƙali ba. Mercedes tana wallafa jerin man da ta amince da su a intanet, kowa na iya dubawa a wayarsa kafin ya biya kuɗi. Toyota da Honda galibi ba su da wannan tsari, kauri da darajar API ko ILSAC, ma'aunin haɗin gwiwar kamfanonin motocin Amurka da Japan, suke nema.

Daga nan sai maganar garanti. A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ɗaure garanti da sayen kayansa shi kaɗai, sai in kyauta zai bayar. Tarayyar Turai ma ƙa'idarta ta bar mai mota ya yi juye a garejin da ya so, muddin an bi ma'aunin kamfani. Waɗannan dokokin can suke aiki, ba su tsallako Nijar ba. A nan, takardar da ka sa wa hannu da dila ita ce abin dubawa, saboda haka ka karanta ta kafin ka karɓi makulli, ka kuma adana rasiɗin kowane juye da kwanan wata da kilomita. Hukuncin da ƙa'idar ta tanada shi ne kamfani ya ƙi biyan gyaran da man da bai dace ba ya jawo. Ba tara, ba ƙwace mota.

Mafi yawanmu dai garantin motocinmu ya ƙare tun suna hannun Bature, don haka injin ne ke yanke mana hukunci. Misali mafi zafi shi ne injin 1.2 PureTech na Peugeot 208 da 2008 da 308, wanda bel ɗin taiminsa a cikin mai yake wanka. Man da bai dace ba, ko wanda ya daɗe ba a juye ba, yana sa bel ɗin ya riƙa ɓarɓashi, ɓarɓashin ya toshe rariyar famfon mai, matsi ya faɗi, inji ya buga. Mai irin wannan mota kada ya yarda a zuba masa komai sai mai ɗauke da lambar da littafinsa ya ambata.

Akwai wani sashe na littafin da ba a cika karantawa ba, kuma shi ya fi shafarmu. Tazarar kilomita 15,000 ko 30,000 da ake gani, ta titunan Turai ce. Kusan kowane littafi yana da jadawali na biyu don aiki mai tsanani: ƙura, gajerun tafiye-tafiye, barin mota a kunne tana tsaye, jan kaya. Wanda ya taɓa fitar da filtar iska a watan Janairu bayan tafiyar Mayahi ya buga ta a ƙasa ya san ajin da muke. A wannan jadawalin tazarar takan ragu da kusan rabi, kuma filtar mai ana canza ta ne tare da man. Baƙin da mai ya yi ba shi ne ma'auni ba, musamman a injin gazuwal, inda yake baƙi cikin 'yan kwanaki don yana kwashe datti.

'Yan kabu-kabu su nemi JASO MA ko MA2, ma'aunin Japan na man babur, a jikin gwangwani, saboda kulocin babur a cikin mai yake, man mota mai santsi kan sa shi zamewa. Masu tirela da manyan janareto na gazuwal su duba ajin C na API, irin CI-4.

Duk wannan bayani ya dogara ne da cewa abin da ke cikin galan shi ne abin da aka rubuta a jikinsa. Man da ake tsiyayowa daga duro a zuba a gorar ruwa a bakin titi ba shi da SAE ba shi da API, mai sayar da shi ma sau da yawa bai san asalinsa ba. Galan mai tambari kuma ana sake cika shi. Ka duba zoben murfi ko an taɓa ɓalle shi, ka duba lambar rukuni da ranar da aka buga a jiki, ka tsaya a buɗe shi a gabanka. Idan an gama juyen, ka sa a huda galan ɗin kafin ka bar garejin, don masu sayen galan ɗin da babu komai a ciki ba duka ne ke neman abin ɗiban ruwa ba.